Yadda ake shigar da sabuwar manhaja cikin Buildroot, daga Config.in har katin SD

Duk wanda ya taɓa gina Linux don ƙaramin allo irin Raspberry Pi ko BeagleBone ta hanyar Buildroot, kayan aikin da ke harhaɗa cikakken tsarin Linux na irin waɗannan alluna, ya san wannan lokacin: tsarin ya tashi lafiya, ka shiga da root, sai ka tuna manhajar da aka yi duk wahalar dominta ba ta ciki. A kan allon babu apt, babu gcc, babu wata hanyar girka komai. Abin da hannu ke saurin yi shi ne ka harhaɗa manhajar a gefe, ka kwafa ta cikin `output/target`, ka sake buga `make`. Yau zai yi aiki. Ranar da wani ya buga `make clean`, ko abokin aikinka ya gina tsarin a tasa kwamfutar, manhajar ta tafi, kuma babu inda aka rubuta yadda ta shiga tun farko.

Buildroot ba ya sanin abin da ke ranka, sai abin da ka rubuta masa. Saboda haka aikin duka ya taƙaita ga fayiloli uku ƙanana, `Config.in` da `.mk` da `.hash`, da ke gaya masa sunan manhajar, inda zai samo ta, abin da take dogara da shi, da inda zai ajiye ta.

Misalin da zan bi da kai wata 'yar manhaja ce da aka rubuta da C, mu kira ta `gadin-batir`. Tana karanta ƙarfin batir daga na'urar cajin sola ta layin RS-485, tana amfani da laburaren libmodbus, wanda tuni yana cikin Buildroot. Na zaɓi suna mai ɗan layi a tsakiya da gangan, za ka ga dalili.

Kwamfuta biyu, kada ka cakuɗa su

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka riƙe wannan: akwai kwamfutar da kake gini a kanta, yawanci x86-64, akwai kuma allon da zai gudanar da abin, a misalinmu ARM mai bit 64. Kompailan da Buildroot ke amfani da shi, wato manhajar da ke mayar da rubutun tushe ya zama abin da na'ura ke gudanarwa, yana zaune a kwamfutarka amma abin da yake fitarwa na allon ne. Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga nan take tasowa, wato wani abu na kwamfutarka ya sulale ya shiga cikin ginin allo.

Foldar `output` ta raba su. `output/build` shi ne inda ake warware kowane fakiti, wato manhaja ko laburare guda da Buildroot ke ginawa, a harhaɗa shi. `output/host` na ɗauke da kompaila da sauran kayan aikin da ke gudana a kwamfutarka. `output/staging` hanya ce zuwa ma'ajin laburare da fayilolin `.h` na allon, inda fakiti ke leƙawa lokacin harhaɗawa. `output/target` shi ne abin da zai shiga allon, bayan an tsefe shi an cire fayilolin `.h` da takardun bayani. `output/images` kuma nan ne fayil na ƙarshe ke fitowa.

Ka yi aiki da fitowa mai suna, ba da kan reshen da ake ci gaba da canzawa ba. Buildroot na fitar da sabuwa duk wata uku, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba, sunanta kuma shekara da wata, kamar 2024.02. Fitowar da ake kula da ita na dogon lokaci a Fabrairu take fitowa, amma ba kowace shekara ba. Kuma kada ka gina da root, ba a bukatar hakan ko kaɗan.

Ina za ka ajiye fakitin?

Za ka iya ƙirƙirar folda kai tsaye cikin `package/` na Buildroot, ka ƙara layi a `package/Config.in`. Wannan shi ne daidai idan niyyarka ka tura fakitin ga masu kula da aikin. Amma idan manhajar taka ce ko ta wurin aikinka, ni ban yarda da shi ba, domin duk ranar da ka tashi sabunta Buildroot sai ka tsinto canje-canjenka ɗaya bayan ɗaya daga cikin dubban fayiloli. Akwai hanyar da aka tanada, ana kiranta `BR2_EXTERNAL`. Ka yi folda dabam a gefen Buildroot, ka ce `solar-external`, ka sa fayiloli uku a ciki.

Na farko `external.desc`:

```
name: SOLAR
desc: Fakitocin allon gadin batir
```

Na biyu `external.mk`, layi ɗaya tak:

```
include $(sort $(wildcard $(BR2_EXTERNAL_SOLAR_PATH)/package/*/*.mk))
```

Na uku `Config.in`:

```
source "$BR2_EXTERNAL_SOLAR_PATH/package/gadin-batir/Config.in"
```

Ka lura sunan SOLAR da ka rubuta a fayil na farko shi ne ya dawo a tsakiyar `BR2_EXTERNAL_SOLAR_PATH`. Ka kuma lura a fayil na uku babu baka a kewaye da sunan, domin harshen Kconfig ne ba na Make ba. Daga nan ka ƙirƙiri `package/gadin-batir/` a cikin foldar, ka shiga Buildroot ka buga:

```
make BR2_EXTERNAL=../solar-external qemu_aarch64_virt_defconfig
```

Sau ɗaya ake faɗa masa, zai tuna. Na fara da QEMU ne, manhajar da ke kwaikwayon allon a cikin kwamfutarka, don ka gwada ba tare da cire kati da mayarwa sau ashirin ba.

Config.in: abin da ke fitowa a jerin zaɓi

```
config BR2_PACKAGE_GADIN_BATIR
	bool "gadin-batir"
	select BR2_PACKAGE_LIBMODBUS
	help
	  Reads battery voltage from a solar charge controller
	  over RS-485.

	  https://misali.example/gadin-batir
```

Ɗan layin da ke sunan ya koma layin ƙasa, haruffa kuma suka koma manya. Layukan ciki da Tab ɗaya ake tura su, rubutun `help` kuma Tab ɗaya da fili biyu.

Wurin da ya cancanci a tsaya shi ne bambancin `select` da `depends on`. Idan ka rubuta `depends on BR2_PACKAGE_LIBMODBUS`, fakitinka zai ɓuya daga jerin har sai mutum ya je ya kunna libmodbus da kansa, alhali bai ma san ana bukatarsa ba. `select` kuwa yana kunna laburaren da zarar an zaɓi naka. Shi ya sa al'adar Buildroot ita ce `select` ga laburare, `depends on` ga abin da ya shafi kompaila ko irin na'urar.

Sai dai `select` makaho ne. Yana kunna abin da ka ce ba tare da ya duba ko sharuɗɗan abin sun cika ba. Ɗauki libglib2: yana bukatar `BR2_USE_WCHAR` da `BR2_TOOLCHAIN_HAS_THREADS` da `BR2_USE_MMU`. Idan fakitinka ya yi masa `select` ba ka kwafo waɗannan ukun ba, za a iya kunna shi a tsarin da ba zai taɓa harhaɗuwa ba, kuskuren kuma sai can tsakiyar gini zai fito, a wurin da ba za ka yi zato ba. Don haka duk abin da za ka yi wa `select`, ka buɗe nasa `Config.in`, ka kwafo kowane `depends on` zuwa naka. Idan sharaɗin na kompaila ne, ka ƙara sanarwa a ƙasa don mai nema ya san dalilin ɓuyar fakitin:

```
comment "gadin-batir needs a toolchain w/ threads"
	depends on !BR2_TOOLCHAIN_HAS_THREADS
```

Yanzu `make menuconfig`, ka shiga External options, ka sa masa alama, ka adana.

Fayil ɗin .mk, inda ainihin aikin yake

Sunansa dole ya zama `gadin-batir.mk`, daidai da sunan foldar.

```
################################################################################
#
# gadin-batir
#
################################################################################

GADIN_BATIR_VERSION = 1.2
GADIN_BATIR_SITE = https://misali.example/releases
GADIN_BATIR_LICENSE = MIT
GADIN_BATIR_LICENSE_FILES = LICENSE
GADIN_BATIR_DEPENDENCIES = host-pkgconf libmodbus

define GADIN_BATIR_BUILD_CMDS
	$(TARGET_MAKE_ENV) $(TARGET_CONFIGURE_OPTS) $(MAKE) -C $(@D)
endef

define GADIN_BATIR_INSTALL_TARGET_CMDS
	$(INSTALL) -D -m 0755 $(@D)/gadin-batir \
		$(TARGET_DIR)/usr/bin/gadin-batir
	$(INSTALL) -D -m 0644 $(GADIN_BATIR_PKGDIR)/gadin-batir.conf \
		$(TARGET_DIR)/etc/gadin-batir.conf
endef

$(eval $(generic-package))
```

Kowane suna yana farawa da `GADIN_BATIR_`. Idan ka yi kuskuren harafi ɗaya, ka rubuta `GADIN_BATR_DEPENDENCIES` misali, Make ba zai ce uffan ba, zai wuce layin kamar babu shi. Ban rubuta `_SOURCE` ba saboda Buildroot na ɗauka sunan fayil ɗin `gadin-batir-1.2.tar.gz` ne, idan naka `.tar.xz` ne sai ka faɗa. Idan daga Git za a ɗauko, ka sa `GADIN_BATIR_SITE_METHOD = git`, sigar kuma ta zama alamar fitowa ko cikakkiyar lambar commit. Kada ka sa sunan reshe kamar `main`: abin da za a gina yau zai bambanta da na wata mai zuwa, kai kuma ba ka canza komai ba.

`$(@D)` foldar fakitin ce cikin `output/build`. `$(GADIN_BATIR_PKGDIR)` kuma foldar da `.mk` ɗin yake zaune, inda ka ajiye fayil ɗin saiti. Layukan cikin `define` da Tab suke farawa, layin `$(eval ...)` kuma shi ne na ƙarshe, kada komai ya biyo bayansa.

Mutane na tambaya me ya sa ake maimaita libmodbus, ga shi a `Config.in` ga shi a `_DEPENDENCIES`. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko yana cewa a kunna shi, na biyu yana cewa a gina shi kafin nawa. Idan ka manta na biyun, ginin zai iya wucewa a kwamfutarka saboda laburaren ya riga ya shiga `staging` tun jiya, ya kuma faɗi a kwamfutar wani. Wannan ya taɓa cin mana kwana biyu a wani aiki, muna zargin kompaila, ashe kalma ɗaya ce ba a rubuta ba.

Yanzu ga Makefile na manhajar kanta, wanda ke cikin rubutun tushenta:

```
PKG_CONFIG ?= pkg-config
CFLAGS += $(shell $(PKG_CONFIG) --cflags libmodbus)
LDLIBS += $(shell $(PKG_CONFIG) --libs libmodbus)

gadin-batir: gadin-batir.o
```

Duba inda na sa `$(TARGET_CONFIGURE_OPTS)` a cikin `.mk`: kafin `$(MAKE)`. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Shi ne ke ɗauke da `CC` da `CFLAGS` da `LDFLAGS` da `PKG_CONFIG` na allon. Idan ya zo kafin `$(MAKE)`, Makefile na karɓarsu ya ɗora nasa a kai da `+=`. Idan ya zo bayansa, ƙa'idar GNU Make ita ce abin da aka bayar a layin umarni yana danne duk abin da ke cikin Makefile, har da `+=`. Sai hanyar `modbus.h` ta ɓace, kompaila ya ce bai ga fayil ɗin ba, kai kuma kana ganinsa a `staging` da idonka.

Akasin haka ma na faruwa. Idan marubucin manhajar ya kafe `CC = gcc` a Makefile, sa shi a gaba ba zai yi tasiri ba, gcc na kwamfutarka ne zai yi aikin. A nan sai ka bar sauran a gaba, ka ƙara `CC="$(TARGET_CC)"` kaɗai a bayan `$(MAKE)`. Buildroot na da masu gadi biyu da ke kama irin wannan. Idan wani ya sa `-I/usr/include` ko `-L/usr/lib`, za ka ga saƙo mai cewa `unsafe header/library path used in cross-compilation`. Idan kuma fayil na x86-64 ya shiga `target`, zai tsaya ya ce tsarin fayil ɗin ba AArch64 ba ne. Kada ka nemi hanyar rufe musu baki, gaskiya suke faɗa.

Duk wannan dogon bayani na `generic-package` ne, wato manhajar da ke da Makefile na hannu. Idan tana amfani da CMake, ka share `define` na gini da na girkawa, ka rufe da `$(eval $(cmake-package))`, zaɓuɓɓuka kuma su shiga `_CONF_OPTS`. Haka `autotools-package` da `meson-package` da `python-package` da `cargo-package` da `golang-package`. Idan laburare kake ƙarawa wanda wasu fakitoci za su dogara da shi, ka sa `_INSTALL_STAGING = YES`, in ba haka ba babu wanda zai ga fayilolinsa na `.h`.

Hatimi da faci

Ka buga `make gadin-batir-source`, fayil ɗin zai sauka cikin `dl/gadin-batir/`. Ka ɗauki hatiminsa, wato lambar da `sha256sum` ke fitarwa, da na takardar lasisi, ka rubuta a `gadin-batir.hash`, fili biyu tsakanin kowane sashe:

```
# Locally computed
sha256  <lambar-da-ta-fito>  gadin-batir-1.2.tar.gz
sha256  <lambar-da-ta-fito>  LICENSE
```

Idan fayil ɗin ya lalace a hanya ko aka canza shi a inda yake, gini zai tsaya. Hatimin lasisin kuma shi zai faɗakar da kai ranar da marubucin ya sauya sharuɗɗansa. Tun da maganar saukewa ta zo: ka sa `BR2_DL_DIR` ya nuna wata folda a wajen Buildroot, ka buga `make source` lokacin da intanet ke da kyau. Daga nan za ka iya gini sau nawa ka ga dama ba tare da ka sake ƙona data ba.

Idan manhajar wani ce kuma sai an gyara ta kafin ta harhaɗu, kada ka gyara cikin `output/build`, gyaran zai tafi da shara. Ka fitar da faci, wato fayil mai ɗauke da gyaran kaɗai, da `git format-patch`, ka ajiye a foldar fakitin da suna irin `0001-fix-hardcoded-gcc.patch`. Ana liƙa su bi da bi bisa lambarsu. Ka rubuta dalilin facin a samansa, domin bayan shekara kai kanka ba za ka tuna ba.

Ta tashi da kanta idan an kunna allo

Na'urar da za a rataye a ɗakin batir babu wanda zai zauna yana buga mata umarni. Da tsarin tashi na BusyBox, ana gudanar da fayilolin `/etc/init.d/` masu farawa da S bisa lamba. Na haɗa intanet shi ne `S40network`, saboda haka namu ya zama `S90gadin-batir`. Kada ka ƙirƙiro shi daga kanka, ka kwafi `package/busybox/S01syslogd` ka canza suna da zaɓuɓɓuka. Sannan a `.mk`, sama da layin `eval`:

```
define GADIN_BATIR_INSTALL_INIT_SYSV
	$(INSTALL) -D -m 0755 $(GADIN_BATIR_PKGDIR)/S90gadin-batir \
		$(TARGET_DIR)/etc/init.d/S90gadin-batir
endef

define GADIN_BATIR_LINUX_CONFIG_FIXUPS
	$(call KCONFIG_ENABLE_OPT,CONFIG_USB_SERIAL)
	$(call KCONFIG_ENABLE_OPT,CONFIG_USB_SERIAL_CH341)
endef
```

Na biyun yana kunna direban 'yar na'urar USB zuwa RS-485 mai guntun CH340 a cikin kernel, don `/dev/ttyUSB0` ya bayyana. Idan taka mai guntun FTDI ce, direbanta dabam ne. Mai amfani da systemd kuma sai ya rubuta `_INSTALL_INIT_SYSTEMD` ya ajiye fayil ɗin `.service`, Buildroot zai ɗauki wanda ya dace da tsarin da aka zaɓa.

Gini, da sake gini

`make gadin-batir` zai gina fakitin da abin da ya dogara da shi. Da ya gama, ka duba:

```
file output/target/usr/bin/gadin-batir
```

Ka ga `ARM aarch64` a amsar. Sai `make` gaba ɗaya, ka kunna `output/images/start-qemu.sh`, ka shiga da root, ka tabbatar manhajar tana nan kuma ta sami laburarenta.

Abin da ke rikita sababbin shiga shi ne ka canza `.mk`, ka buga `make`, babu abin da ya motsa. Dalili shi ne a foldar ginin kowane fakiti akwai ɓoyayyun fayiloli irin `.stamp_configured` da `.stamp_built`. Muddin suna nan, Buildroot na ɗauka an gama wannan matakin. `make gadin-batir-rebuild` yana sake harhaɗawa da girkawa. `make gadin-batir-reconfigure` yana komawa mataki ɗaya baya. `make gadin-batir-dirclean` yana share foldar baki ɗaya, kuma shi ake bukata idan ka ƙara faci. Babu ɗayansu da ke sabunta fayil ɗin da ke `images`, sai ka haɗa da `all`, kamar `make gadin-batir-rebuild all`. Haka kuma cire alamar fakiti a menuconfig ba ya fitar da fayilolinsa daga `target`, suna nan har sai an yi `make clean`.

Idan kai ne ke rubuta manhajar kana gwadawa, ba sai ka ɗaure sabon tar a kowane gyara ba. Ka ƙirƙiri `local.mk` kusa da `.config`:

```
GADIN_BATIR_OVERRIDE_SRCDIR = /home/injiniya/gadin-batir
```

Buildroot zai kwafo daga nan da rsync zuwa `output/build/gadin-batir-custom`. Ka sani a wannan yanayin ba a duba hatimi, ba a liƙa faci, don haka ka cire layin kafin ginin da za a kai wa mai aiki.

Gwajin da ke raba gardama

Da farko `utils/check-package -b ../solar-external/package/gadin-batir/*`. Yana kama Tab da aka musanya da fili, layi mai tsawo, da sunan da aka rubuta ba daidai ba. Sannan ainihin gwajin: `make clean`, sai `make gadin-batir` shi kaɗai. Yanzu babu wani ragowar jiya da zai rufa maka asiri. Idan ka manta abin dogaro, nan zai fito. Wanda ya kunna `BR2_PER_PACKAGE_DIRECTORIES` ma ya fi samun tsaro, domin kowane fakiti ba ya ganin komai sai abin da ya ambata. Na san `make clean` na da ciwo idan Buildroot ne ke gina kompaila daga tushe, musamman inda wuta ba ta da tabbas. Maganinsa ka zaɓi kompailan da aka riga aka gina, irin na Bootlin da ke cikin jerin Toolchain, ka kuma kunna `BR2_CCACHE`.

Idan fakitin zai yi aiki a allo fiye da ɗaya, `utils/test-pkg` zai gwada shi da kompailoli daban-daban, masu laburaren C irin glibc da musl da uClibc-ng, inda manhajar da ta saba da glibc kaɗai ke yawan tuntuɓe. `make legal-info` kuma zai tara lasisin duk abin da ke cikin tsarin a `output/legal-info`. Ka karanta shi idan na'urar ta sayarwa ce, domin libmodbus na ƙarƙashin LGPL-2.1+ ne, yana da haƙƙoƙin da sai ka cika.

Komai ya wuce, sai ka koma ga allon gaske: `make clean`, `make raspberrypi4_64_defconfig`, ka sake sa wa fakitin alama a menuconfig, ka adana saitin don kada ya zauna a kwamfutarka kaɗai:

```
make savedefconfig BR2_DEFCONFIG=../solar-external/configs/gadin_rpi4_defconfig
```

Ka ƙirƙiri foldar `configs` tukuna idan babu ita. Daga yanzu abokin aikinka zai buga `make BR2_EXTERNAL=../solar-external gadin_rpi4_defconfig`, sai `make`, ya sami `output/images/sdcard.img` mai ɗauke da manhajar da saitinta da rubutun tashinta. Kafin ka rubuta shi a kati da `dd`, ka duba `lsblk` sau biyu ka tabbatar da sunan katin, sannan ka sa duka foldar `solar-external` a Git tare da rubuta sigar Buildroot da ka yi amfani da ita.